Kiran da Aka Amsa a Madadina Ina Cikin Takaba

Zuwa ga Shugaban Gidauniyar da ke ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan yankinmu a ƙasashen waje, Dutse.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da ma'aikatan ofishinka. Allah ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da 'ya'yan mutane.

Sunana Safiya Garba, ina zaune a unguwar Yalwawa. Kai ka san ni, ka san mahaifina tun kafin a haife ni, amma da yake wannan takarda za ta shiga hannun waɗanda ba su san ni ba, dole in faro daga farko. Na daɗe ina juya rubuta ta a raina. Ina tsoron a ce na yi butulci ga gidauniyar da ta zaɓe ni. Ina kuma tsoron a ce ga mace ta fita takaba jiya jiya, yau har tana zancen hawa jirgi. Na rubuta na yaga, na sake rubutawa. Duk abin da ban tabbatar da shi ba na cire shi. Abin da na gani ko na ji da kunnena zan ce na ji, abin da aka faɗa mini kuma zan faɗi wanda ya faɗa mini.

Na ɗaya: yadda na samu gurbin.

Na kammala digirina a fannin abinci mai gina jiki. Ta hannun gidauniyarku wata jami'a a ƙasar waje ta ba ni gurbin digiri na biyu, amma da sharaɗi: sai na fara shiga shirin koyon Turanci mai zurfi a cibiyar harshe ta jami'ar, inda ake zaman aji daga safe har yamma, in ci matakin ƙarshe, sannan in wuce. Mutane da yawa sun tambaye ni, ba da Turanci kika yi digirin ba? Da shi na yi. Ina karantawa, ina rubutawa. Amma idan Bature ya buɗe baki yana magana da sauri, sai in kama farkon jimla, ƙarshenta ya tsere mini. Jarrabawar tantancewa da muka yi a ofishinku ta nuna haka ƙarara: karatu da rubutu na yi kyau, sauraro da magana kuwa aka ajiye ni a matakin tsakiya. Ban ji haushi ba, gaskiya aka faɗa.

Akwai tsarin da ofishinku ke bi wanda ya kamata mai karatu ya sani. Duk ɗalibin da kuka tura, lambar wayar ofis da adireshin imel na ofis ake ba makarantar, ba nasa ba. An ce mana an yi haka ne don kada saƙo ya ɓata saboda rashin wuta ko rashin sabis a ƙauyuka. A ranar da aka bayyana mana wannan, na ɗaga hannu na roƙi a ƙara da tawa lambar. Sakataren ofis ya yi murmushi ya ce in kwantar da hankalina, na cika fargaba. Gaskiyarsa ne, ni mai fargaba ce. Na sauke hannuna.

Na biyu: maigidana.

Ba zan rubuta sunansa ba, ka san shi. Malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Buji, kullum a kan babur yake zuwa ya dawo. Shi ya fara ganin sanarwar gidauniyarku, shi ya matsa mini in nema, lokacin da nake cewa irin wannan abu ba ya zuwa kan irinmu. Da sakamakon jarrabawa ya fito ya ga inda na gaza, sai ya ɗaura wa kansa aiki. Kowace safiya kafin ya fita, muna shan koko, zai kunna labaran Turanci a rediyo. Idan aka gama sai ya kashe, ya ce to Baturiyar Yalwawa, me suka ce? Idan na kakare na koma Hausa, sai ya toshe kunnuwansa da yatsu, ya ce shi jami'in filin jirgi ne, ba ya jin Hausa, in ban yi bayani ba zai mayar da ni gida da akwatina. Akwatin ma shi ya sayo, shuɗi, ya ɗauro shi a bayan babur ya ratso unguwa da shi, kowa yana tambayarsa ina zuwa.

Ana saura 'yan makonni mu tashi zazzaɓi ya kama shi. Bai yi mako a kwance ba Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, ta taso daga Buji ta zauna da ni a gidanmu na Yalwawa, na shiga takaba. Na san tafiya tare da 'yan rukuninmu ta faskara, don wata huɗu da kwana goma ba zan kwana a wani wuri ba gidan nan ba. Wannan ban taɓa yin jayayya da shi ba, ko a zuci.

Na uku: ta'aziyyarka.

Ranka ya daɗe, ka zo da kanka. Ka zauna a kan tabarma a ƙofar gida tare da maza, ka yi addu'a, ba ka aiko wakili ba. Ba zan manta da wannan ba. Kafin ka tashi ka aiko kawuna cikin gida ya gaya mini kada in sa zancen makaranta a raina, ofis zai kula da komai. Ban tambayi yadda za a kula ba. Ba a yi wa babba irin wannan tambaya, balle a zaman makoki. Na ɗauka za a nemi makarantar ta ɗage mini zuwa zango na gaba, kuma idan an bukaci wani abu daga gare ni za a neme ni.

Na huɗu: abin da ya faru ban sani ba.

'Yan rukuninmu suka tafi. A cikinsu akwai Bilkisu, 'yar Ringim, wadda muka zauna benci ɗaya ranar jarrabawa. Takabata ta kusa ƙarewa ta kira ni daga can. Muryarta na ji na san akwai magana. Ta ce malamar da ke kula da baƙin ɗalibai a cibiyar ta tare ta bayan aji, ta tambayi lafiyata, ta ce a yi mini ta'aziyya. Sannan ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai da al'adarmu ta hana matar da mijinta ya rasu yin magana da kowa, don sun so ƙwarai su riƙe mini gurbina.



Ga abin da malamar ta bayyana mata. Da labarin rasuwar ya kai gare su, sun kira ofishinku, ba sau ɗaya ba, suna neman a haɗa su da ni. Dokarsu ita ce ba sa ɗage wa ɗalibi karatu sai sun ji daga bakinsa, saboda an sha yanke wa ɗalibai hukunci ba da saninsu ba. Ba dogon zance suke so ba, ko hoton bidiyo ba dole ba ne, murya kawai. Kuma zaɓi biyu suka tanadar mini: ko a ɗage mini zuwa zango na gaba, ko in fara darasin sauraro da magana ta intanet daga ɗakina, in iso su idan na fita takaba. Amsar da ofishinku ya ba su ita ce ba a magana da ni sai zaman makoki ya ƙare. Suka jira har ranar rufe rajista. Da ba su ji daga gare ni ba, suka rubuta cewa ɗaliba ba ta amsa ba, suka saki gurbina na shirin Turancin.

Wannan duk daga bakin Bilkisu ne, don haka ban yanke komai ba sai da na fita takaba na je ofis da ƙafata. Na tambayi sakatare. Bai musa ko ɗaya ba. Ya sunkuyar da kai ya ce sun tattauna a tsakaninsu, suka ga bai dace a kawo wa mace kiran wata Baturiya kan zancen boko ba alhali ko ƙasar kabarin mijinta ba ta bushe ba. Ya ce kai ma ka yi umarni kada a ɗaga mini hankali da komai. Ya ce sun zaci makarantar za ta jira, kamar yadda kowa zai jira a nan.

Ranka ya daɗe, na yarda da shi. Na yarda tausayi ne. Da mugunta ce da ta fi mini sauƙin ɗauka, don da na san wanda zan yi fushi da shi.

Amma ga wani abu da har yau yake hana ni sukuni. A cikin makon da makarantar take nema na, shi wannan sakataren ya kira ni a wayata ya sake yi mini gaisuwa. Mun yi magana. Ya ce in yi ta haƙuri, na ce na gode. Kafin ya kashe na tambaye shi, yaya zancen makaranta? Ya ce komai yana tafiya daidai, in ji da kaina kawai. Idan ana iya kira na a yi mini ta'aziyya, me ya hana a ce mini ga wata mata tana son jin muryarki?

Wayata ba ta taɓa mutuwa ba a watannin nan. Idan babu wuta, gidan maƙwabta masu sola nake aika ta, har Inna tana mini faɗa wai na fi kula da cikin waya a kan nawa cikin. Na amsa kiran dangi daga Haɗeja, na amsa na ƙawayen jami'a, na amsa na ɗaliban marigayi, har mai gyaran baburinsa ya kira muka yi kuka tare. Kira ɗaya tak nake jira, shi ne kuma aka amsa a madadina.

Na biyar: abin da aka faɗa wa makarantar ba haka yake ba.

Ni ba malama ba ce, shi ya sa tun a farkon takaba na tambayi malamarmu ta Islamiyya abin da ya halatta gare ni da wanda bai halatta ba, na kuma kiyaye. Ban yi kwalliya ba, ban sa turare ba, ban kwana a waje ba. Ba ta ce mini an hana ni amsa waya ba, ba ta ce an hana ni neman ilimi daga cikin ɗakina ba. Da na koma na sake tambayarta bayan wannan abu ya fito, sai ta riƙe baki. Yanzu a wata ƙasa akwai mace mai kirki da ta yi imani cewa addininmu yana rufe bakin wadda mijinta ya mutu, kuma daga ofishinku ta ji. Wannan ma yana damuna, ba gurbina kaɗai ba.

Ina so ka san yadda watannin nan suka kasance, don ka gane abin da aka ɗauke mini. Bayan sadakar arba'in mutane suka watse. Gida ya yi tsit. Inna tana gefe da carbinta, ni ina gefe ina kallon bango. Yini yana da tsawo ga mai takaba, ranka ya daɗe, tsawon da namiji ba zai sani ba. Rediyon nan na kasa taɓa shi. Na lulluɓe shi da ɗankwali na tura shi bayan kwanuka.

Wata safiya ina wanke-wanke sai na ji Turanci yana tashi daga ɗaki. Na shigo da gudu, hannuna duk kumfa. Inna ce ta kunna. Matar da ko gaisuwar Turanci ba ta sani ba. Ta ce gidan ya saba da wannan surutun da safe, shirun ya ishe ta. Da aka gama labarai ta kashe, ta dube ni ta ce to, faɗa mini me suka ce, kuma da yarensu, yadda kike yi masa. Ashe ya sha ba ta labari idan ya biya ta gida daga makaranta. Na fara, ina yi ina kuka, ita kuwa tana gyaɗa kai kamar tana fahimta. Da na tsaya ta ce ban yi ƙarya ba dai ko, don ita ba ta da hanyar kama ni. Ranar ce na fara yin dariya tun rasuwar.

Daga ranar kullum sai mun yi. Ita ce ta ce mini ɗanta ya gaya mata da bakinsa cewa zan tafi in yi karatu in dawo in yi aiki a kan yaran da ke ramewa a ƙauyukansu, kuma ba ita za ta zaunar da ni ba. Wato a daidai lokacin da ofishinku yake gaya wa makaranta ba na iya magana da kowa, ina zaune a tabarma ina yi wa tsohuwar da ba ta jin Turanci Turanci, don ba ni da wanda zan yi wa. A lokacin nan akwai aji, da malama, da 'yan aji, da aka ce in shiga daga wannan ɗakin. Ba wanda ya gaya mini.

Na shida: inda maganar take yanzu.

Tun da na fita takaba nake zarya a ofishinku. Ba a taɓa wulaƙanta ni ba. Ana ba ni kujera, a kawo ruwa, a yi wa marigayi addu'a, a ce in ɗauki ƙaddara. Na ɗauki ƙaddarar mutuwarsa, Allah ne shaida. Amma kiran nan mutane ne suka zauna suka yanke shawara a kansa, kuma mutane suna iya gyarawa. Kai kuma duk zuwan da na yi ban same ka ba, an ce kana tafiye-tafiye. Shi ya sa na zaɓi wannan hanya ta buɗaɗɗiyar wasiƙa, ba don in kunyata kowa ba.

Na samu adireshin makarantar a wurin Bilkisu na rubuta musu da kaina. Sun amsa mini cikin mutunci. Sun ce gurbina na digiri na biyu da sakamakon jarrabawata suna nan har zuwa rufe rajistar zango mai zuwa, wadda za a yi kafin azumi. Sun ce za su iya sake buɗe mini rajistar shirin Turancin, amma da yake a wurinsu an rubuta cewa ni ce ban amsa ba, kuma gidauniya ce mai ɗaukar nauyina, sai gidauniya ta rubuto ta tabbatar cewa saƙonsu bai iso gare ni ba. Na kai wannan amsa ofis. Sakatare ya karanta ya ce abu ne mai nauyi, don zai zubar da mutuncin gidauniya a idon Turawa, sai dai a jira ka.

Idan aka rufe rajistar nan ba a rubuta ba, komai ya faɗi: gurbin, da jarrabawar, da tallafin, tunda ƙa'idarku ba ta zaɓar mutum sau biyu. Na karanta ƙa'idar, na sake karantawa ko zan ga wata kafa. Babu.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ina roƙon ka sa a rubuta wa makarantar gaskiyar abin da ya faru kafin a rufe rajista: cewa sun nema, ba a gaya mini ba, kuma tausayi ne ya jawo. Ban ga abin kunya a cikin wannan ba. Duk wanda ya karanta zai ga mutanen da suka ji ciwon mutuwa tare da ɗalibarsu, suka yi kuskure. A kuma ƙara layi ɗaya a gyara abin da aka faɗa game da takaba.

Ina roƙon a ba su lambata, a kuma riƙa sa lambar kowane ɗalibi kusa da ta ofis. Na roƙi wannan tun ranar farko.

Ina roƙon idan irin wannan ta sake samun wata, Allah ya kiyaye, a je a tambaye ta. Ko ta bakin mahaifiyarta, ko ta bakin wata babbar mace a gidan. Idan ta ce ba za ta iya ba, ita ta faɗa. Wadda aka yi wa mutuwa an riga an ɗauke mata abu ɗaya ba tare da shawararta ba, kada a ƙara mata na biyu.

Ba na neman a taɓa ɗalibin da aka ba gurbina na shirin Turancin, rabonsa ne, Allah ya ba shi sa'a. Ba na neman a hukunta sakatare. Ranar jana'iza yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Inna ta koma Buji. Duk Juma'a sai ta sa a kira mata ni, kuma bayan gaisuwa tambayarta ɗaya ce: Turawan sun kira? Ina ce mata tukuna. Ban gaya mata sun riga sun kira ba. Na rasa yadda zan faɗa mata, kuma na lura abin da aka yi mini ne nake yi mata. Jibi Juma'a ce. Na yi niyyar wannan karon zan gaya mata duka, don tana da hakkin ta sani, ko da zai yi mata ciwo. Ina fata in haɗa mata da cewa kai, ranka ya daɗe, ka sa an rubuta.

Shuɗin akwatin yana nan a kan kabad, ban cire ledarsa ba. Rediyo kuma ina kunna shi kowace safiya, in kashe, in maimaita abin da suka ce, ni kaɗai. Na shirya abin da zan gaya wa malamar cibiyar nan idan ta kira. Ba shi da tsawo, kuma na san zan yi tuntuɓe a tsakiya. A bar ni in yi tuntuɓen da bakina.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa gidauniyar nan ta zama sanadin shigarka Aljanna, ya jiƙan iyayenka da namu mamatan. Idan akwai kalmar da ta yi kaifi a cikin wannan takarda, ka yafe wa 'yarka.

Wassalam, ina sauraro, wayar tana hannuna.

Safiya Garba,
Yalwawa, Dutse.